Burtali a Taswirar Muntari

Ranar da aka sare saniyar Bappa ina bakin makaranta ina kwasar ɗanwake. Ihu ne ya fara iso mu, sannan ita kanta ta ɓullo ta bayan gonar Alhaji Maikuɗi tana jan ƙafar baya, an datse mata agara, jini yana bin sawunta. Ta zo daidai gindin darbejiyar da nake zama ta durƙushe. Sai ga Bappa da gudu, dattijon Bafulatani wanda a garin nan aka binne kakansa, kai a fashe, hula a hannu. Ya zaro wuƙa ya yanka ta a gaban yara don kada ta mutu mushe, yana yankawa hawaye na zuba a gemunsa.

Samari ne suka biyo shi da adduna, suka tsaya daga nesa suna haki. Na ɗaga kai na dube su. Ɗana na fari yana cikinsu.

Rigimar ba sabuwa ba ce. Tun muna yara akwai burtali, wato hanyar shanu, da ta taso daga rugar su Bappa ta ratsa gonaki ta sauka rafi, an yi mata shingen aguwa dama da hagu. Alhaji Maikuɗi ya sayi gonar dama, ya sayi ta hagu, wata bazara ya sa tarakta ta tumɓuke aguwar ta haɗe masa su wuri ɗaya. Daga nan in shanu za su sha ruwa da damina, ko dai su yi zagayen da zai cinye musu yini, ko su bi ta inda suka saba a sare su. Shi kuma yaron nawa ya gama sakandare ya zauna yana ƙirga kwanon rufi, babu aiki babu dalilinsa, har Alhaji ya ba shi babur yana acaɓa tsakanin Kabo da Gwarzo. Wanda ya ba ka babur kuwa, ran da ya miƙo maka adda sai ka karɓa.

Ƙanena Muntari shi ne malamin aji biyar a firamaren ƙauyenmu, can bayan Dugabau. Ni na goye shi bayan rasuwar innarmu, don haka na fi kowa sanin taurin kansa. Tun da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, aljihun makarantarmu aka ɗinke gaba ɗaya. Babu alli, babu littafi, taswirar ƙasa ɗaya da ke ofishin hedimasta gara ta ci ta daga Sakkwato har Legas. Wani malamin da sai ya shimfiɗa tabarma a inuwa ya jira albashin da ba ya zuwa. Ban da Muntari. Da busasshen rogo yake rubutu a allo, allon kuma da baƙin tsohon batir yake shafe shi. Rubutu a yashi yake koya wa yara, kowa da tsinkensa. Ran darasin tarihi sai ya ɗauko Marka a bayan kekensa, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin, ta zauna a kan benci tana ba su labarin yadda aka sari garin da wanda ya haƙa rijiyar farko.

Darasin labarin ƙasa ne ya jawo mana. Cewa ya yi yaron da bai san inda rafin garinsu ya nufa ba, ina amfanin a ce masa ya haddace kogin Kwara. Ya tura su kowa ya je ya tambayo kakanninsa: ina iyakar garin, ina tsohuwar kasuwa, ina maƙabartar da. Ya sa suka yi ta jido yumɓu daga bakin rafi, suka shimfiɗa shi a ajin ƙarshe, wanda iska ta yaye wa rabin rufi. Na leƙa na same shi durƙushe, wando a naɗe, laka har gwiwar hannu.

Na ce, "Gemai-gemai da kai kana wasan ƙasa? Da na sani da tukwane na kai ka koyo, ko ba komai ma sayar."

Ya yi dariya ya ce, "Yaya Uwaliya, ki ba ni bular wankinki kaɗan."

Da bulata ya yi rafi. Titin Gwarzo da toka ya ja shi, masallaci farin dutse ne, gonaki kuwa gero ya barbaɗa na gaske, ya yi ta yayyafa ruwa har ya tsiro. Zan faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Na tsaya a kansa na ga gidanmu, na ga rijiya, na ga kaina a gindin darbejiya ko da ba a sa ni ba. Da aka kawo Marka ta duba, ta yi ta bin sa da ido, can ta miƙa sandarta ta ja layi ta tsakiyar gonar Alhaji Maikuɗi.

"Kun manta burtali," in ji ta.

Yara suka tsinko ƙananan rassan aguwa suka kakkafa layi biyu. Ka san kuma yaran ruga da ginin shanun laka, ba a koya musu, da shi suke tashi. Kafin mako ya zagayo sun cika burtalin da shanu, ƙaho na ƙaya, tozo a miƙe, duk sun fuskanci rafi. Muntari bai ga komai a ciki ba sai darasi. Ni da na ga jinin saniyar Bappa a gindin bishiyata, na ga abin da ya fi darasi.

Daminar nan ce aka ƙaddamar da Shari'a. Kowa murna, har da ni, don mun gaji da mai ƙarfi yana taka mara ƙarfi. Bappa ya wanke rigarsa ya tafi kotu ya kai ƙarar hanyar shanu. Da aka tambaye shi shaida, bawan Allah sai ya buɗe baki ya ce ai ko yaran makaranta sun san burtalin, yana nan a gine a ajinsu, tsofaffin gari ne suka nuna. Alƙali ya ce zai zo da kansa ya ga ginin, ya kuma ji ta bakin tsofaffin. Kafin Bappa ya iso gida maganar ta riga shi zuwa zauren Alhaji.

Ran kasuwar Gwarzo aka tare Muntari. Yana dawowa da la'asar, daidai kwalbatin da ke kwanar garinmu, mutum huɗu suka fito daga cikin dawa, fuska a naɗe da rawani. Suka ture shi daga kan keke, suka rufe shi da gora. Ɗaya ya taka masa wuya, ɗaya yana bugun haƙarƙari, sai da ya daina motsi. Keken kuma suka lanƙwasa tayoyinsa biyu suka jefa shi a ruwa. Masu dawowa daga kasuwa ne suka kawo mini shi a amalanke, bakinsa ya kumbura, haƙori ɗaya babu.

Na dafa ruwa ina gasa masa jiki, yana cije leɓe. Na ce, "Muntari, don girman Allah ka shafe layin nan. Tafin hannu ɗaya ne fa. Ka jiƙa wurin ka shafa, ka barbaɗa gero, shi ke nan."

"In na shafe, Yaya, gobe me zan ce wa yaran?"

"Ka ce kuskure aka yi."

"Su suka tambayo kakanninsu. In ce musu kakanninsu maƙaryata ne?"

"Ka ce musu duk abin da ka ga dama, in dai za a bar mini kai da rai!"

Na matsa tsumman a haƙarƙarinsa da gangan har ya yi ƙara, sannan na tambaye shi abin da ke cin raina. "Yaron nawa yana cikinsu?"

"Tasi'u? A'a. Ban ga Tasi'u ba."

Ya amsa da sauri fiye da yadda nake so. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, har yau kuma ban sani ba.

Da magariba yaron ya shigo da babur ɗinsa, sanye da sabuwar farar riga da koriyar hula irin ta samarin da suka naɗa kansu 'yan sa-kai, ba wanda ya aike su, suna bi gida-gida suna fasa kaset da ƙwace ganguna. Ina tuƙin tuwo. Na ce masa ya shiga ya ga abin da aka yi wa kawunsa. Ya tsaya yana goge madubin babur.

"Inna, ai shi ya ja wa kansa. Gumaka yake koya wa 'ya'yan Musulmi. An ce har sujada suke yi a gabansu."

"Wa ya ce?"

"Kowa ya sani."

"Durƙuso suke yi su ga gari, ɗan banza! Kai ba ka gina shanun laka ba? Wa yake kwashe maka su daga bakin murhu in ka jera su sha wuta?"

"Lokacin ban san addini ba."

Ban san sanda na zare muciya daga tukunya ba. Na maka masa a kafaɗa, tuwo mai zafi ya manne a farar rigar. Na ƙara masa a baya, na ƙara, ina cewa addinin naka a zauren Maikuɗi aka saukar da shi? Bai kare ba, bai gudu ba. Sai da na gaji ya kama muciyar ya murɗe ta daga hannuna, ya karya ta a gwiwarsa, ya ajiye gutsattsarin a gabana a hankali. Tsoro ya kama ni a lokacin, tsoron abin da na haifa. Na sauke murya na ce masa ko harshe da haƙori ana saɓawa, amma wannan kawunka ne, shi ya kama hannunka ya koya maka rubuta sunanka. In sun tashi zuwa makarantar, kai ka hau babur ɗinka ka tafi Getso, ka tafi ko'ina. Ya tura babur ɗin ya fita bai ci tuwon ba.

Duk garin an san an fake da guzuma ne don a harbi karsana. Liman ma da aka tambaye shi cewa ya yi wasan yara ne, babu laifi, amma a cikin zaurensa ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Na je wurin hedimasta na roƙe shi ya rufe ajin, ya ce ajin da ba shi da ƙofa da me zai rufe shi. Na yi niyyar in je da kaina in watsa wa abin ruwa, wallahi na yi niyya, har na ɗauki bokiti. Na tarar Muntari ya riga ni, yana zaune a bakin ajin da sandar dogarawa, jiki duk ɗauri, yana sa yara rubuta sunayen unguwanni a yashi. Ya dubi bokitin ya dube ni. Na juya na zuba wa darbejiya.

Ran Alhamis suka zo, ana fita tara. Yara sun kewaye ni kowa na miƙo kwano, sai muka ji kabbara daga wajen kasuwa. Ba irin ta Idi ba, wannan da gudu take tafe. Suka shigo filin makaranta da gora da adda da barandami, Lukuman a gaba, babban yaron Alhaji mai kula masa da gona, wanda ban taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba, sai ga shi a ranar ya zama shugaban masu kishin addini. Hedimasta ya haura taga ya shiga dawa. Yara suka watse suna tattake juna, wani ya faɗi a kan murhuna, tukunyar ɗanwake ta kife, tafasasshen ruwa ya kwarara a ƙafata. Ban ji zafin ba sai daga baya. Na hango koriyar hular ɗana a tsakiyarsu, na tattare zane na bi su.

Muntari ya tsaya a bakin ajin, ya gitta sandarsa. Ya ce, "Ku dakata mana, bayin Allah. Ku shigo ɗaya-ɗaya in nuna muku. In kun ga abin bauta a ciki ni da kaina zan fasa."

Gora ce ta ba shi amsa. Lukuman ya sauke masa ita a goshi, fatar ta dare, jini ya rufe masa ido. Suka bi ta kansa suka shiga. Na kutsa ta tsakaninsu ina duka ina cizo, wani ya mangare ni na bugu da bango, daga nan nake kallo. Masu neman gumaka ba shanun suka fara bi ba. Layin aguwa suka fara tumɓukewa, suna kirɓa wurin da dugadugansu har sai da ya zama ɗaya da gonar. Sannan suka hau sauran, rafi da titi da masallacin farin dutsen ma bai tsira ba.

Sai ga Rahama, jikar Bappa, 'yar ƙaramar yarinya mai kitson doka. Ta kutso ta ƙarƙashin ƙafafun mutane ta faɗa kan taswirar, tana lalube tana kuka, saniyarta take nema, wata mai ƙaho ɗaya da ta daɗe tana gyarawa. Ta same ta, ta ƙanƙame a ƙirji. Lukuman ya daka tsawa a karɓe gunkin. Wanda ya fi kusa da ita shi ne ɗana, da adda a hannu. Ya fizgi hannunta ta ƙi saki, ya ɗaga ta sama ya buga da ƙasa.

Ban san yadda Muntari ya tashi ba. Da rarrafe ya zo, ya kifa a kan yarinyar, ya miƙa hannun dama ya dafe ƙasa ya yi mata rumfa, da hagu ya kama gefen farar rigar nan. Ya ɗaga fuska, jini na ɗiga daga haɓarsa.

"Tasi'u, ajiye. Ni ne fa. Ajiye addar nan mu tafi gida."

Yaron ya tsaya. Na ce Alhamdu lillahi a raina, na buɗe baki zan yi magana. Lukuman ya riga ni.

"In kawunka ya fi maka Allah, matsa ka ba maza wuri. Ka kawo makullin babur."

Ba kuskure ba ne, kada wani ya ce mini kuskure ne. Idonsa a buɗe yake. Ya dubi hannun da ke dafe da ƙasa, ya ɗaga addar da hannu biyu ya sauke. Na ji ƙarar ƙashi. Muntari bai yi ihu ba, wani irin numfashi ya ja, ya faɗi a gefe, hannun na reto da 'yar fata, jini na tsartuwa har bango. Sai kowa ya nemi ƙofa a lokaci ɗaya, masu kabbarar nan suna ture juna. Ɗana ne na ƙarshe. Ya saki addar, ya dube ni, ya fita da baya.

Na cire ɗankwalina na ɗaure damtsen da haƙori da hannu. Rahama tana ƙarƙashinsa jina-jina, ba abin da ya same ta sai targaɗe. Bappa da mutanen ruga ne suka ɗauke shi a kan ƙyauren wani gida har bakin titi, muka tsayar da a-kori-kura mai ɗaukar masara, na rungume kansa a cinyata har Gwarzo ina kiran sunansa don kada ya yi barci. A asibiti likita ya duba sau ɗaya ya girgiza kai. A shekarar da ake ta maganar yanke hannun ɓarawo, hannun da aka fara yankewa a garinmu na malamin makaranta ne, kuma ba alƙali ne ya yanke ba.

Maganar burtali daga ranar ta mutu. Marka ta ce ita ta tsufa, ba ta tuna komai.

Washegari da hantsi ɗan sanda ya shigo ɗakin marasa lafiya, wani dogo mai furfura a saje, ya ja kujera ya zauna a gefen gadon. Ina zaune a ƙasa, ƙafata a naɗe da bandeji, ina fifita ƙudaje daga dungulmin. Ya yi wa Muntari sannu, ya tambayi jiki, ya yi addu'ar Allah ya sa kaffara ne. Sannan ya ce, "Malam, wa ya sare ka?"

Muntari ya lashi leɓe. "Mutane sun yi yawa, ranka ya daɗe. Jini kuma ya rufe mini ido. Ban gane kowa ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ɗan sandan ya yi ajiyar zuciya. Ya ce ya zaga garinmu tun da safe, kowa ya ce yana gona, har malaman makarantar. Ya miƙe zai tafi, sai ya dube ni. "Baba, an ce ke kika ɗaure masa hannun. Ke ma jinin ne ya rufe miki ido?"

Muntari ya juyo da kansa a kan matashi. Girgiza mini kai yake yi a hankali, yana roƙona. Na dubi fuskar nan da na goya, na dubi inda hannun ya ƙare. Ina son ɗana, Allah ne shaidata, ina son sa a lokacin kamar ranar da aka miƙo mini shi a tsumma. Ɗan fari ne, kunya ba ta taɓa barina na kira sunansa ba tun ran suna, ko a ɗaka, ko a mafarki.

Na ce, "Tasi'u."

Muryata ba ta fita ba. Ɗan sandan ya sunkuyo ya kara hannu a kunne. "Ban ji ba, Baba. Ɗaga murya."

Sai na sake faɗa.